Dabba mai cewa «ni»: harshen bidiyon ƙirƙirarriyar basira da Hausar Adar

0. Gabatarwa

Tun daga tsakiyar shekarar 2025 wani nau'in gajeren bidiyo ya yawaita a TikTok da Facebook da YouTube, daga can kuma yake gangarowa cikin wayoyin salula ta hanyar WhatsApp. A cikinsa ana ganin dabba, biri ko kare ko akuya, tana tafe tana ba da labarin yininta da bakinta, ko kuma a nuna wa mai kallo duniya kamar da idon dabbar yake gani. Ba a ɗauki hoton kowace dabba ba: na'urar ƙirƙirarriyar basira ce ke zana hoton, sau da yawa kuma ita ke yin muryar. Mafi yawan waɗannan bidiyoyi da Ingilishi ake yin su, amma kayan aikin suna hannun duk mai waya da kuɗin intanet. Saboda haka saurayin Madawa ko na Buza ko na Keita da ke son jakin gidansu ya yi magana, ba abin da zai hana shi gwadawa.

Tambayar da wannan ƙasida ke son amsawa guda ce: in jakin ya buɗe baki ya ce «ni», Hausar wa zai yi? Za mu nuna cewa dabbar labari kullum aron baki take yi. A gatana bakin mai ba da labari take ara, da karin harshensa. A bidiyon na'ura kuwa rubutacciyar Hausa take ara, wadda ba ta nuna karin sauti, ba ta kuma san Adaranci ba. Batun ya ƙara nauyi tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, domin duk harshen da ya sami wannan matsayi sai an tambayi wace irin Hausa ce za ta wakilce shi.

Misalan da ke ƙasa mu muka ƙera su don bayani. Inda ya zama dole, muna ninka wasali don nuna tsawo, muna sa alamar (`) don karin sautin ƙasa. Wasalin da ba shi da alama karinsa na sama ne.

1. Yadda ake haɗa bidiyon

Aikin yana da matakai huɗu. Na farko shi ne rubuta labarin, ko mutum ya rubuta da kansa, ko ya sa wata na'urar rubutu irin ChatGPT, wadda ta fito a watan Nuwamba 2022, ta rubuta masa. Na biyu shi ne umurnin da ake bai wa na'urar hoto: a faɗa mata wace dabba ce, a wane wuri, da wane lokaci na yini, da kuma inda «idon» yake, ko a wuyan dabbar ko a gabanta kamar ita ke riƙe da waya. Kamfanin OpenAI ya buɗe Sora ga jama'a a watan Disamba 2024, sa'an nan Google ya fito da Veo 3 a watan Mayu 2025, wadda ta zo da hoto da sauti a haɗe, cikin guntaye masu daƙiƙa 8. Ke nan labarin minti ɗaya sai an jera guntaye 7 ko 8, kuma babbar wahala ita ce dabbar ta zauna da kamanninta daga wannan guntu zuwa wancan. Shi ya sa masu aikin kan fara da hoto guda tsayayye su riƙa gina sauran a kansa. Mataki na uku shi ne murya. Na huɗu shi ne harhaɗa guntayen a waya, da CapCut ko makamancinsa, a sa rubutu a ƙarƙashin hoto.

Ya kamata a bambanta wannan da ɗaura wa dabba kyamara ta gaske, dabarar da Greg Marshall ya soma a 1986 wadda aka sani da Crittercam, BBC ma ta yi shiri da irinta a 2018. A can abin da aka gani ya faru. A nan kuwa ba abin da ya faru.

Abin lura ga masanin harshe shi ne hanyar da magana ke bi. Na'urorin hoto sun fi jin umurni da Ingilishi. Saurayin da ya yi lakkwal a Madawa yana tunani da Adaranci, ya rubuta da Faransanci, na'ura ta juya zuwa Ingilishi don hoto, ta kuma juya zuwa Hausa don murya. Kafin maganar ta kai bakin jaki ta ƙetare rafi uku, a kowanne kuma akwai abin da ruwa ke ci.

2. Mai gani da mai magana

A littafinsa Figures III na 1972, Gérard Genette ya raba tambayoyi biyu da masu nazarin labari suka daɗe suna cakuɗawa: wanda ake gani da idonsa daban, wanda ke magana daban. Wannan rabo ya dace da batunmu ƙwarai.

2.1. Ido

Abin da bidiyon ke kira ganin dabba, ganin mutum ne aka aza a kan dabba. Idanun akuya da tunkiya da jaki a gefen kai suke, ɗan tsakiyar idon kuma a kwance yake, don haka akuya na ganin fiye da digiri 300 na abin da ke kewaye da ita ba tare da ta juya ba, alhali mutum bai wuce wajen rabin da'ira da kaɗan ba. Waɗannan dabbobi ba sa rarrabe ja da kore yadda muke rarrabewa. Na'ura kuwa tana zana musu duniya a gaban goshi, da cikakken launi, domin daga hotunan da mutane suka ɗauka ta koya.

Haka ma wurin. In ba a yi mata bayani dalla-dalla ba, na'ura na iya zana wani dajin Afirka mai doguwar ciyawa da bukkoki, wanda ba na kowa ba ne. Mutumin Adar zai nemi tudun duwatsu da fako da kwaruruka, da manyan rumbunan ƙasa na bakin gari. Na Keita zai nemi kunyoyin duwatsu da ramukan tare ruwa waɗanda aka yi a aikin raya karkara da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya tare da hukumar FAO, aikin da mata suka fi yawa a cikinsa. Na Buza zai nemi layukan dogon yaro na kwarin Majiya, waɗanda aka fara dasawa a 1975 tare da ƙungiyar CARE don tare iska. Na Madawa kuma garken albasa na kwarin Tarka. Wannan kuskure yana da sauƙin gyara: a ba na'ura hoton wurin na gaske. Na murya ya fi wuya.

2.2. Murya

Émile Benveniste, a wata maƙala ta 1952 kan binciken Karl von Frisch game da ƙudan zuma, ya nuna cewa saƙon zuma ba ya jawo amsa, ba a kuma iya ɗaukarsa a kai wa wani a matsayin labari. Ke nan ba harshe ba ne irin namu. A wani wuri ya nuna cewa kalmar «ni» ba ta da ma'ana sai a bakin mai furta ta, kuma duk mai cewa «ni» yana kafa wani «kai» ko «ke» a gabansa. Idan haka ne, dabbar da ta ce «ni» ba ita ta ce ba. Akwai mutum a bayanta.

Bahaushe ya san wannan tun kafin salula. A gatana, wadda ake kira tatsuniya a gabas, Kura da Dila da Zaki da Gizo da matarsa Ƙoƙi duk suna magana, kowa da halinsa: Kura da kwaɗayi da tsoro, Dila malamin daji, Gizo da wayo. Mai gatana takan sauya murya ga kowannensu, ta yi wa Kura ƙatuwar murya, ta yi wa Gizo tsamin baki, inda r kan koma y, s kuma ta koma sh. A rubutaccen adabi ma, aku ne ke ba da labaran Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya tsakanin 1937 da 1939. Ashe dabba mai ba da labari ba baƙuwa ba ce. Abin da ke sabo shi ne, a gatana Kurar Tamaske da Hausar Tamaske take magana, domin tsohuwar da ke ba da labarin ƴar Tamaske ce. Yaro yana jin karin harshen garinsu a bakin kowace dabba, da salon garinsu na zagi da roƙo da gaisuwa.

3. Abin da ke samun Hausa a bakin na'ura

3.1. Karin sauti da tsawon wasali

Na'urar murya rubutu take karantawa. Bayan taron Bamako na 1966 Nijar ta yi shekaru tana ninka wasali mai tsawo a rubutu. Bayan taron Yamai na 1980 aka bar wannan don a daidaita da Nijeriya, kuma ƙa'idar rubutu ta 1999 ba ta nuna tsawo ko karin sauti. Ga Bahaushe wannan ba matsala ba ce, ma'anar jimla ke yi masa jagora. Ga na'ura kuwa caca ce. Dubi kalmar da ake rubutawa «fari»:

(1) a. farii: launi
b. farìi: rashin ruwan sama
c. fàarii: jam'in fara
d. faarìi: farko

(2) Ni dai ina tsoron fari.

In akuya ta faɗi (2), ko dai tana tsoron shekarar da ba a yi ruwa ba, ko tana tsoron farin dango da ke cinye ciyawa. Duka biyun gaskiya ne a Adar, amma mai labarin ɗaya yake nufi, muryar kuma dole ta zaɓa.

3.2. Lamirin mutum na farko

Tun da irin wannan bidiyo da bakin mutum na farko ake yin sa, lamirin «na» shi ya fi kowace kalma yawa a cikinsa. A daidaitacciyar Hausa kuwa wannan rubutu guda yana ɓoye abubuwa da yawa, waɗanda Adaranci ke bambantawa a fili, kamar yadda Bernard Caron ya bayyana a littafinsa Le haoussa de l'Ader na 1991:

(3) a. naa tàfi (shuɗaɗɗe na ɗaya); Adar: na tahi
b. na tàfi (shuɗaɗɗe na biyu). Adar: nit tahi
c. nà tàfi (umurni ko nufi). Adar: in tahi

Jerin aukuwa a cikin labari da (3b) ake yin sa. In murya ta ja wasalin ta karanta (3a), labarin ya tsinke, ya koma jerin sanarwa waɗanda ba su haɗu ba. A gwada waɗannan biyu:

(4) a. Da asuba aka ɗora mini buhu biyu na albasa, sai na kama hanyar kasuwa. Da na gaji na tsaya, yaron ya ɗaga sanda.
b. Da asuba anka aza min buhu biyu na albasa, sai nik kama hanyak kasuwa. Da nig gaji nit tsaya, yaron yaɗ ɗaga sanda.

A (4b) baƙin da aka ninka shi da kansa ke nuna lokacin aikatau, ba sai an nemi karin sauti ba. Wato ta wannan fuska rubutaccen Adaranci ya fi daidaitacciyar Hausa fayyace wa mai karatu abin da ake nufi. Sai dai na'urar da ba ta saba da «nik» da «anka» ba tana iya ɗaukarsu kuskuren rubutu ta gyara su.

Akwai kuma inda siffa guda ke da ma'ana biyu. A Kano «suka» shuɗaɗɗe ne. A Adar shuɗaɗɗen shi ne «sunka», «suka» kuwa daidai yake da «suke» na Kano:

(5) a. Kano: hatsin da suka ci, Adar: hatcin da sunka ci
b. Kano: hatsin da suke ci; Adar: hatcin da suka ci

A kunne furucin aikatau yana taimakawa, amma a rubutun da ke ƙarƙashin hoto, mutumin Buza na iya fahimtar ana cikin ɓarna inda marubucin ke nufin an riga an gama.

3.3. Jinsi

«Ni» ba ta nuna jinsi, amma dirka tana nunawa: «ni jaki ne», «ni giwa ce», ko a Adar «ni jaki na», «ni giwa ta». Jinsin sunayen dabbobi a Hausa bai bi na Faransanci ba. Kalmar éléphant namiji ce, giwa mace. Souris mace ce, kusu namiji. Chat namiji ne, mussa mace. Ingilishi kuma ba ya bambanta «kai» da «ke». Duk fassarar da ta biyo ta waɗannan harsuna tana iya kawo «giwa ya ce» ko ta sa bunsuru ya ce wa akuya «kai». Ta kan kuma iya tattara kukan dabbobi cikin kalma guda, alhali Hausa ta ba doki haniniya, kare haushi, zakara cara, zaki ruri.

3.4. Daga ina na'ura ta koyi Hausa?

Hausa ta shiga Google Translate a ƙarshen 2013. Rubutun Hausa da ke intanet, wanda irin waɗannan na'urori ke koyo daga gare shi, galibinsa na jaridun Nijeriya ne da na sassan Hausa na gidajen rediyon ƙasashen waje, wato daidaitacciyar Hausa mai tushe a Kano. Ta fannin murya, aikin MMS da kamfanin Meta ya fitar a 2023, wanda ya ƙunshi harsuna fiye da 1100 har da Hausa, an gina shi ne bisa karatun fassarar Sabon Alkawari, kimanin awa 32 ga kowane harshe. Wannan muryar mai karatu ce a natse. Ba ta san jan amsa-kama ba, ba ta san raɗa ko zolaya ba, balle tsamin bakin Gizo.

Ke nan jakin Buza zai ce «fita» ba «hita» ba, «fari» ba «hwari» ba, «yana» ba «shina» ba, «gidansa» ba «gida nai» ba, «me» ba «mi» ba, «ɓera» da «kyanwa» ba «kusu» da «mussa» ba. Ba mu ce daidaitacciyar Hausa aibi ce ba. Da ita muke rubuta wannan ƙasida, kuma makaranta da mulki suna bukatarta. Amma tana da muhallinta. Shekara da shekaru rediyo da littafi da finafinan Kano suna kawo ta, gatana da hirar dare kuwa suna riƙe da karin gida. In wayar salula ta karɓi aikin mai gatana, ta kuma zo da Hausar littafi, to ɗaya daga cikin wuraren da yaro ke jin Adaranci ana wasa da shi ya rufe. Abin ya fi shafar ƙasar da ƴan ci-rani suka yi yawa kamar Adar, inda yara da dama ke tasowa a Abijan ko Ikko ko Libiya, kuma abin da ke zuwa ta waya shi ne babban rabonsu na harshen gida.

4. Alamar ƙarya da haƙƙin maƙwabci

Matsala ta biyu ta wuce nahawu. Gatana tana da ƙofar shiga da ta fita. Mai labari ta ce «gatanan gatananku», masu sauraro su amsa, kowa ya san an shiga duniyar ƙage. A ƙarshe ta rufe da ƙurunƙus, ta jingina ƙaryar ga Gizo. Bidiyon na'ura ba shi da wannan ƙofa. A watan Yuli 2025 wani bidiyon zomaye masu tsalle a bayan gida da dare ya zagaya duniya ta TikTok, mutane masu yawa suka ɗauka na gaske ne. TikTok tun 2023, YouTube kuma tun 2024, sun wajabta a sa alama a kan irin wannan hoto in ya yi kama da gaske, amma alamar a shafinsu take. In an sauke bidiyon aka tura ta WhatsApp sau da yawa takan ɓace, kuma ko tana nan, rubutu ce, ba kowa ke karantawa ba. Jaki mai magana ba zai ruɗi kowa ba. Garken shanu a cikin gonar hatsi, an ɗauko shi kamar da idon saniya, shi yana iya ruɗi.

A wannan yanki abin ba wasa ba ne. A farkon Nuwamba 2016 rikicin manoma da makiyaya a Bangi, cikin gundumar Madawa, ya ci rayuka 18 aƙalla. Kowace kaka, kafin a saki gonaki, zukata a ɗar suke. Dabbar labari kuwa, kamar yadda muka gani, mutum ce da ta sa fata. In aka ba saniya ko raƙumi irin Hausar da ake kwaikwayon Bafillace ko Buzu da ita, kowa ya san da wa ake. Gaskiya ne akwai wasan taubasai, wanda UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. Amma wannan wasa ido da ido ake yin sa, tsakanin waɗanda ke da izinin juna, kuma wanda aka zolaya yana da damar ramawa nan take. Bidiyo yana isa inda ba taubashi, ya kuma ci gaba da yawo bayan raha ta wuce.

Wannan bai hana a yi amfani da salon don alheri ba. Jaki na da abin faɗa: Nijar ta hana fitar da jakuna waje a 2016 saboda cinikin fatarsu, Tarayyar Afirka kuma ta hana yanka su don fata a watan Fabrairu 2024. Jakin da ke ba da labarin jan ruwa a rijiya da ɗaukar albasa, da Hausar masu shi, zai fi doguwar sanarwa shiga kunne.

5. Kammalawa

Mun ga cewa a irin wannan bidiyo idon na mutum ne, muryar ma ta mutum ce, kuma in ba a kula ba muryar ba ta mutanen wurin ba ce. Daga nan muna ba da shawarwari huɗu ga masu son yin aikin. Na ɗaya, a bar wa na'ura hoto, a riƙe murya: mutum ya yi maganar da bakinsa, ko ya nemi wanda ya iya gatana, da yardarsa. Na biyu, a rubuta labarin da Hausa tun farko, ba a fassaro shi ba, rubutun ƙarƙashin hoto kuma ya bi abin da aka furta. Na uku, a ba na'ura hoton gari na gaske. Na huɗu, a buɗe da «gatanan gatananku». Wannan alama a cikin sauti take, tana bin bidiyon duk inda aka tura shi, kuma wanda bai yi lakkwal ba ma ya san ma'anarta.

Mu kuma masu nazarin harshe aikinmu ne mu ɗauki muryoyin Adaranci, na maza da mata, na hira da gatana da ciniki, mu rubuta su da tsawon wasali da karin sauti, domin na'ura ba ta koyon abin da ba a ba ta ba. Sai dai a yi shi da sanin masu muryar, a rubuta sharaɗin amfani da ita, kada a koma gidan jiya na kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Batun yadda za a rubuta ninkin baƙi na (4b) ba tare da an saɓa wa ƙa'idar 1999 ba yana bukatar nazari na musamman, kuma muna fatan abokan aiki masu binciken Kurhwayanci da Arewanci da Gobiranci za su gwada misalanmu da nasu.